Bangon da Magini Ya Daina Ƙwanƙwasawa

Ina cikin ɗora wuyan wata riga 'yar Magini ta tsaya a ƙofar shagona. Safiyar Laraba ce, rana ba ta ma kai rabin hasumiyar masallaci ba. Ita malamar asibiti ce, kullum in za ta wuce aiki sai ta leƙo ta ce, "Baffa Tela, an tashi lafiya?" ta wuce da saurinta kafin in gama amsawa. Ranar nan babu fararen kaya a jikinta, babu gaisuwa. Ta dafa bakin ƙofa ta ce, "Baffa." Na ɗauke ƙafata daga kan keken ɗinki.

"Baba ya cika," in ji ta. "Ana saukowa daga sallar asuba."

Na yi ta maimaita Innalillahi. Shekara arba'in da ɗaya muna tare da mutumin nan. Shagona yana kallon masallaci, shi kuma masallacin ne aikinsa, don haka kusan duk abin da ya yi a duniya a gaban idona ya yi shi. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani, tun kafin masu labari su ƙara gishiri ko su rage.

Magini ake ce masa, masu tsokana kuma su ce Baba Ƙwanƙwasa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, kuma ko wanka bakwai ya yi ba a rasa farar ƙasa a gefen farcensa. A wurin kawunsa ya koyi gini, kawun kuma a wurin mahaifinsa, dukansu masallacin nan suka yi wa hidima. Ya gina wa mutane ɗakuna, ya tayar da katangun da damina ta kayar, da haka ya ci da iyalinsa. Amma in ka ce masa "ina aiki?" ya ce "da godiya," masallaci yake nufi.

Sunan Ƙwanƙwasa daga al'adarsa ta safe ya fito. In jama'a sun watse, sai ya ciro wata 'yar guduma daga aljihu, ba ta fi tsawon tafin hannu ba, ya bi bango yana bugawa a hankali, ya kara kunne, ya matsa taki biyu ya sake bugawa. In ya ji abin da bai kwanta masa ba, sai ya ja layi da gawayi ya wuce. Daga nan sai shagona, wurin shayi.

"Yau me bangon ya ce?" nakan tambaye shi.

"Ya ce in gaishe da Tela, in tambayi labarin wandona."

"Gobe."

"Goben tela! Na gina ɗaki, an yi aure a ciki, an haihu, yaron ya yi haƙori, goben ba ta iso ba."

"Ku magina ne za ku yi wa wani gorin alkawari?"

"Mu ruwan sama ke hana mu. Kai me ke hana ka, inuwa?"

Masallacin ya girmi kowane gida a unguwarmu. Babu takardar da ta faɗi shekarar kafa shi. Liman yana cewa ɗari uku, ladan yana cewa ɗari huɗu, Magini kuwa ba ya shiga gardamar. "Ban ga kafawa ba," yakan ce, "amma na san sau uku aka gina shi, don ƙasa iri uku ce a jikinsa." In baƙo ya yi kuskuren nuna sha'awa, to ranar sai ya manta da abin da ya fito da shi, domin Magini zai kama hannunsa ya shige da shi ciki.

Da tsohon ɓangaren yake farawa, inda liman ke tsayuwa. Jar ƙasa ce, ginshiƙai tara, kowanne mutum biyu ba sa rungume shi, bakunan da ke haɗa su kuma gajeru ne, dogon mutum sai ya ji kamar ya sunkuya. "Waɗannan tsoro ya yi musu gini," in ji shi. "Ba su gama yarda da ƙasa ba, sai suka yi ta ƙara mata kauri." Sai tsakiya, da aka ƙara lokacin da gari ya cika. Nan ƙasar ta fi haske, ginshiƙan sun sirance, bakuna sun ɗaga sama. "Jikokinsu ke nan. Hannu ya faɗa." Na uku shi ne ɓangaren rijiya, wanda aka sake bayan wata gobara da ba wanda ya riƙe shekararta. In ka ɗaga kai a kusurwa za ka ga azara biyu baƙaƙe, waɗanda wuta ta lasa ba ta cinye ba, masu ginin suka ga ba dalilin yar da su.

Zai nuna maka duwatsun da aka jera daga ƙasa zuwa gwiwa don kada ruwa ya ci gindin bango. Zai nuna maka tagogi, ƙanana daga waje, masu faɗi daga ciki, haske ya shigo ya bazu, zafi ya tsaya a waje. Kaurin bangon kamu uku ne, shi ya sa da tsakar rana, lokacin da kwalta ke laushi a titi, cikin masallaci sai ka ce bakin kogi. Amma abin da ya fi ba shi daɗi wani ƙaramin baka ne a sahu na huɗu, wanda bai kai rabin 'yan'uwansa faɗi ba. Kawunsa ya gaya masa wa da ƙani ne suka fara sahun, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, da suka haɗu a tsakiya awo bai yi daidai ba, kowa ya rantse igiyarsa ce mai gaskiya. Da aka gaji da raba su, sai aka cike gurbin da ɗan ƙaramin baka. "Dubi," Magini zai ce yana dariya, "shekara ɗari biyu 'yan'uwa na gardama a kan mutane, su kuma suna ƙasa suna sallah."

Ginin ƙasa ba ya son a manta da shi. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, Magini zai kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta sati biyu ta ruɓe, ya tattake ta da ƙafa, sannan ya bi duk inda gawayinsa ya yi alama ya yaɓe, ya gyara indararo, ya shafe da farar ƙasa. Ko'ina yana neman hannunsa, ban da bango guda: bangon rijiya, wanda wurin alwala ke jingine da shi.

Da can shi ne mafi wahala. Ruwan alwala yana cin gindinsa, yaɓe yana zuba, mutane suna tashi da taɓo a riga. A shekarar da kawunsa ya rasu, aiki ya dawo hannun Magini, ya sake wa bangon yaɓe gaba ɗaya, ciki da waje. Tun daga ranar bangon nan bai sake tsagewa ba. Shekara goma, ashirin, talatin, farar ƙasa kawai ake shafa masa. Mutane suka ce kawun ya bar masa wani sirri na kwaɓi. Aka sa wa bangon suna Bangon Magini. Masu gini daga wasu unguwanni sukan zo su shafa shi su girgiza kai. In aka tambaye shi sirrin sai ya ce "ikon Allah," ya kawo wata magana. Mu kuma muka ɗauka kawaici ne.

Ni kaɗai na lura da wani abu, don daga kan kekena ina ganin bangon tun daga wannan kusurwa har waccan. Wajen shekara goma sha uku da suka wuce, Magini ya daina ƙwanƙwasa shi. In ya iso kusurwar sai ya mayar da guduma aljihu, ya wuce kansa a ƙasa, sai ya kai ɗaya kusurwar ya sake ciro ta. Na taɓa tambayarsa sau ɗaya. Ya ce, "Mai lafiya ba a kai shi asibiti." Ranar bai ƙarasa shayinsa ba, ni kuma ban sake tambaya ba.

Shekara uku da suka wuce aka yi damina mai nauyi. Da ta ɗauke, sai ga tsaga a Bangon Magini, daga indararo har daidai kafaɗar mutum, tsakiyar bangon kuma ta yi ciki. Kwamitin masallaci ya kira injiniya, wani saurayi sa'an ɗan Magini na fari, mai ladabi, ba shi da girman kai. Ya zura rodi a cikin tsagar, rodin ya shige har tsawon hannu ba abin da ya tare shi, ya fito da baƙin taɓo mai wari. Injiniya ya daɗe yana kallon rodin.

"Kowa ya shaida mini wannan ne bango mafi ƙarfi a ginin," ya ce wa shugaban kwamiti. "In mafi ƙarfin ya ruɓe haka, sauran fa? Mutum ɗari biyar ke sallah a ƙarƙashin rufin nan. Ni dai ba zan sa hannu a bar shi a tsaye ba."

Shugaban kwamiti tsohon hedimasta ne, mutum mai tsare gaskiya, kuma ba ƙin tsohon gini yake yi ba, rayukan jama'a yake ji. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar za a zauna a yanke maganar rushewa, a gina sabo na kankare.

Ana gobe zaman, da hantsi, Magini ya shigo shagona. Bai yi tsokana ba. Ya ture ƙyallaye ya zauna a kan benci, ya ce, "Tela, tura ƙofar nan."

Na tura.

"Siminti ne," in ji shi.

"Mene ne siminti?"

"Bangon. Ciki da waje. Na kwaɓa shi da jar ƙasa don launi ya saje, na bi da farar ƙasa. Ba wani sirrin Kawu."

Sai ya warware mini. A shekarar yana da talatin da ɗaya, dattawa suna ta cewa yaro ne, ba zai iya riƙe abin da kawunsa ya riƙe ba. A lokacin ake yi wa wurin alwala daɓen siminti, buhuna na jibge a ɗakin ajiya na gindin hasumiya. Ya kewaye bangon da tabarmi, kamar yadda ake yi don kada rana ta fasa sabon yaɓe, ya ɗauki lebura biyu baƙi waɗanda suka bar gari bayan aikin. So yake ya yi abin da zai rufe bakin dattawa, ya kuwa rufe.

"Kawu ya sha gaya mini ginin ƙasa numfashi yake," ya ce. "Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. Ni na toshe masa hanci da baki. Ruwan alwala yana hawa ta gindi, ba ƙofar fita. Shekara talatin da biyu yana ruɓewa a ciki, ni ina waje ana yi mini kirari."

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara goma. Wata safiya na buga, ya amsa mini kamar ganga. Na ce bari in bari sai baɗi. Baɗi ta zo na ce baɗi. Ka ga ashe ba tela kaɗai ke da gobe ba."

Ba zan ɓoye nawa ba. Son da nake masa ya sa na ba shi muguwar shawara. Na ce, "Magini, a bar kaza cikin gashinta. Ka tsufa da mutuncinka. In an rushe, ko an ga siminti a ɓaraguzai, za a ce na wurin alwala ne. Wa zai tsaya bincike?"

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Sauran bangon lafiyarsu ƙalau, Tela. Kullum ina jin su. Yaron nan ya yi lissafinsa daidai, amma a kan ƙaryata ya ɗora shi. Ginshiƙai taran nan, da ƙaramin bakan, da azarar da wuta ta bari, duk a kwashe su a tifa don a ci gaba da gaishe ni da girma?"



"Na gaya wa uwar yara da safe," ya ce. Sai a nan ya ɗan yi murmushi. "Ka san me ta ce? Ta ce, 'Malam, ni na wanke kayanka a shekarar. Ƙasa da ruwa ɗaya take fita. Wannan kuwa sai da ta cinye mini fatar hannu.' Shekara talatin da biyu ta sani, ana yabona a gabanta tana cewa madalla. Na ce me ya hana ki magana? Ta ce, 'Jira nake mai ɗaki ya faɗi inda yake yoyo.'"

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarmi a farfajiya, cikin inuwar hasumiya. Liman yana nan, da ladan, da 'yan kwamiti, da injiniya, da jama'a wajen sittin. Shugaba ya fara karanta takardar injiniya. Bai kai rabi ba Magini ya miƙe ya ce, "A gafarce ni, ina da magana, amma ba da baki zan fara ba."

Ya nufi bangon da babbar guduma da cizal. Duka huɗu ya yi, wani ɓalli mai faɗin faranti ya faɗo. Ya ɗauko shi da hannu biyu ya ajiye a gaban liman, ya juya cikinsa sama. Bayan farar ƙasar da jan launin, toka-toka ne, kowa ya san ko mene ne.

"Ga sirrin," ya ce. "Ni na sa. Ba wanda ya sa ni, ba wanda na yi shawara da shi. Shi ya ruɓar da bangon, ba tsufa ba. Na gane shekara goma da suka wuce, na yi shiru don kunya."

Jama'a suka matso suna leƙen ɓallin. Can ladan ya ce, "Ashe sirrin a buhu ake sayar da shi." Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya kuma haɗiye ta.

Shugaba bai yi dariya ba. Ya ajiye takardar. "Shekara goma," ya ce. "Jikokina a jikin bangon nan suke sallah, Magini. Da ya faɗo musu fa?"

"Ba ni da ta cewa, Malam. Gaskiyarka ce. Ku kore ni, na cancanta. Abu ɗaya nake roƙo: kada a rushe sai an gwada sauran."

Injiniya ya ɗauki ɓallin ya kankare shi da makulli. "Baba, sauran bangon fa?"

"Ƙasa ce zalla. Huda inda ka ga dama, kada ka bari ni in zaɓa maka."

Liman ya ba da izini. Wuri goma sha ɗaya injiniya ya huda, a tsohon ɓangaren, a tsakiya, a gindin ginshiƙai, jama'a na biye da shi kamar masu rakiya. Ko'ina busasshiyar ƙura ce ke zubowa. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Na yarda da abin da aka gaya mini, ban gwada ba."

Amma bai ce an tsira ba. Ya ce a rufe ɓangaren rijiya, a tokare bangon da manyan itatuwa, a cire simintin, a ba shi rani biyu. In ya bushe har ciki, masallaci ya tsaya. In bai bushe ba, dole ɓangaren ya tafi, kuma tun da bakunan tsakiya a kansa suka dogara, su ma za su bi shi. Shugaba ya ce a nemo wani magini. Injiniya ya ce, "A ina? Duk garin nan wa ya rage da ya san wannan aikin?" Aka bar wa Magini, bisa sharaɗin kowane sati sai ya kai wa injiniya bayanin abin da ya yi. Mutumin da masu gini ke zuwa koyo a wurinsa ya koma kai rahoto ga sa'an ɗansa, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Suna ya canza. Baba Ƙwanƙwasa ya koma Baba Siminti. Masu kiransa aiki suka ɗauke ƙafa. Wasu da ke durƙusawa su gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. Wata rana muna shan shayi wani mai bakin tsiya ya wuce ya ce, "Baba Siminti, buhu nawa yau?" Na miƙe da almakashi a hannu, Magini ya ja rigata. Ya ce wa mutumin, "Goma sha biyu na sa, ɗana. Na cire uku, saura tara. In ka wuce gobe ka sake tambaya, yana taimaka mini da lissafi."

Aikin kuwa sai wanda ya gani. Ba a cire simintin gaba ɗaya, bangon zai zube. Kamu ɗaya yake ɓarewa, ya tsallake kamu biyu, ya sake ɓare ɗaya. Ya sa hannu ya kwashe ruɓaɓɓen taɓon har sai ya taɓa ƙasa mai rai, ya bar ramin a buɗe iska ta yi sati uku tana shiga. Tubalin da zai cike da shi da kansa ya buga, da ƙasar tsohon ramin da kawunsa ke ɗiba a bayan gari, don ya ce sabuwar ƙasa da tsohuwa in ba dangi ba ne ba sa zama lafiya. Ya sa aka matsar da wurin alwala taki goma, aka ja masa kwata. Daga hantsi har la'asar yana kan tsani, mutum mai shekara sittin da wani abu. Wata rana na ɗaga kai daga ɗinki, sai na ga shugaba tsaye a gindin tsanin, ya riƙe shi da hannu biyu. Washegari ma ya dawo.

A rani na biyu numfashinsa ya fara gajarta. 'Yarsa ta auna shi ta ce zuciya ce, ya sauka daga tsani. Ya ce, "Uwata, ni na ɗaura, ni zan kwance. In na bari, wa zai san inda na tsaya?" Ta yi faɗa, ta yi kuka, daga baya ta koma kawo masa magani har gindin bango, ta tsaya sai ya haɗiye a gabanta.

Ya gama yaɓen ƙarshe saura wata biyu ruwa ya sauko. Injiniya ya ce a ba shi wata guda ya kama jikinsa, sannan ya zo ya huda, ya yanke hukunci. A cikin watan nan Magini ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, ko ƙofar gida ba ya iya kaiwa. Aka sa ranar Alhamis.

Injiniya ya zo ranar Alhamis ɗin, kwana ɗaya bayan mun kai Magini makwancinsa. Ya huda wuri bakwai, ƙura ta zubo, ya sa aka janye itatuwan, bangon bai motsa ba. Masallaci yana nan tsaye, jiya ma a jikin bangon na yi la'asar. Amma Magini bai jira Alhamis ba. Tun ranar Talata ya nemi tasa amsar.

Ranar da azahar na je duba shi. Yana kishingiɗe a kan filo uku, kwalaben magani jere a bakin taga, uwar yara na yi masa fifita. Da ta ga na zauna sai ta ba mu wuri. Ya laluba ƙarƙashin filo ya ciro 'yar gudumar ya miƙo mini.

"Je ka buga mini shi."

"Ni? Ni tela ne, Magini. Me na sani?"

"Kunne gare ka ko babu? Bugi ƙofar nan."

Na bugi ƙofar ɗakin, ta yi amo.

"To. In ka ji irin wannan, ka dawo ka gaya mini, kuma kada ka yi mini ƙaryar teloli. Daga kusurwar indararo ka ƙirga taki bakwai, daidai ƙirjinka, sau uku. Sannan ƙasa, kan duwatsun. Nan ne ya fi ruɓa."

Na tafi. Na sunkuya ta ƙarƙashin itatuwan tokarar, na ƙirga taki bakwai. Na buga. Na sake bugawa. Na bi bangon daga wannan kusurwa har waccan, sama da ƙasa. Sannan na dawo, kusan da gudu, ni da gwiwata ta daɗe da daina gudu.

Idonsa na kan ƙofa. "Me ya ce?"

"Wallahi, Magini, na buga inda ka ce, na buga inda ba ka ce ba, har ladan ya fito yana tambaya ko na canza sana'a. Ban ji komai ba. Gudumar ce kawai ke dawo mini, har gwiwar hannuna ta yi tsami."

"Ba amo?"

"Ba amo."

"Ko a kan duwatsun?"

"Ko a can. Kamar ina bugun ƙasa."

Ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ya shige masa kunne, ga shi kuma yana dariya, dariyar na haɗuwa da tari. Na riƙe kafaɗarsa har ta lafa.

"Shi ke nan," ya ce. "Lafiyayyen bango ba shi da surutu, Tela."

Na ce, "Sannu da aiki, Magini."

"Yauwa," in ji shi. "Sannunmu dai. Ja mini ƙofar in za ka fita, yau barci nake ji."